Rumfar Kallo a Damargu: Abin da Ya Raya Ta Bayan Mutuwar Kaset da Faifai

Da almuru ranar kasuwa, lokacin da masu awon gero suke ɗaure bakin buhu, mutanen ƙauye kuma suna ɗora wa amalanke kaya, akwai rumfa guda da sai a sa'an nan take farkawa. Zana ce aka kewaya, aka rufa da tamfol, aka jera benci biyar ko shida, a gaba kuma aka shimfiɗa tabarmi saboda yara. A bakin ƙofa an jingina allon katako, an rubuta da alli abin da za a nuna: fim ɗin Indiya na fassara bayan magariba, ƙwallo bayan lisha. Can gefe ga tebur cike da salula, kowace da igiyarta da 'yar takarda mai lamba a manne a bayanta, suna shan caji daga batirin da farantin sola ya cika tun hantsi. Mai rumfar na zaune gaban tsohuwar kwamfuta da ya lulluɓe da ƙyalle saboda ƙura. Yaro ya miƙo masa memori a ƙulle cikin leda, tare da dala ashirin, ya ce: "Inna ta ce a sa mata ci gaban na jiya, kuma a ƙara mata wa'azi." Mai rumfa bai tambayi wanne ne na jiyan ba, domin shi ya zaɓa mata shi.

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas, ya yada zango a Tanut, ko ya ratse yamma zuwa Gangara da Belbeji, ya san irin wannan rumfa. A Nijar ana ce mata bidiyo-kulob, a Kano kuwa gidan kallo, mai kwamfutar kuma shi ne mai turi. An daɗe ana yi wa sana'ar nan ta'aziyya tun tana da rai. Da faifai ya zo aka ce kaset ya tafi da masu haya, da salula ta zo aka ce ta gama da gidan kallo. Kaset ya tafi, faifai ya bi shi, amma rumfar na nan. Abin da nake son in kafa a wannan maƙala shi ne, tun asali ba kaset ko faifai ne jarin rumfar ba. Jarinta wuta ce da ake tarayya a kanta, da sanin da mai ita ya yi wa fina-finai da mutanen garinsa, da kuma wurin zama. Muddin waɗannan suna da tsada a karkarar Damargu, rumfar ba za ta mutu ba. Kuma tunda haka ne, ya kamata a daina kallonta a matsayin ɓarna da ake haƙuri da ita, a fara lissafa ta cikin cibiyoyin al'ada, tare da faɗin gaskiya game da haƙƙin da take ci.

Sai an koma Kano kafin a gane dalilin da ya sa ake yi wa rumfar kallon hadarin kaji. Hausawa sun fara sanin hoto mai motsi ta hanyar majigi, wato motar gwamnatin mulkin mallaka da ke zuwa ƙofar fada ta haska fim ɗin tsafta da noma, da izinin sarki, kowa da kowa a fili. Silimar biya kuwa daban take. Rex, wadda aka buɗe a Kano a 1937, da waɗanda suka biyo ta, galibi na 'yan kasuwa Kwara ne, kuma a wajen ganuwa aka gina su, a ɓangaren da mutanen birni ke dangantawa da giya da mata masu zaman kansu. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, jama'a da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah. Da aka buɗe Palace a cikin birni, a Jakara, ba da daɗewa ba bayan haka, sai da aka kai ruwa rana. Brian Larkin a littafinsa Signal and Noise na 2008, da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero a rubuce-rubucensa masu yawa, sun bi diddigin wannan tarihi. Abin da ya fito fili shi ne, silima a ƙasar Hausa ta tashi da tabo: wurin maza ce, wurin dare ce, macen da aka gani a ciki kuma ta zubar da mutuncinta. Rumfar zana ta Gangara ba ta taɓa ganin Rex ba, amma ta gaji tabon.

Kaset ne ya karya wannan shinge, kuma a nan ne shagon haya ya yi aikin da har yau ba a yaba masa yadda ya kamata ba. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Cikin shekara goma, an kai ga Sangaya a 1999 da Wasila a 2000, mujallar Fim ta fara fitowa, an kuma raɗa wa masana'antar suna Kannywood. Su wa suka ɗauki nauyin wannan bunƙasa? Matan aure ne a cikin ɗakunansu. Matar da ba za ta taka ƙofar Plaza ko Marhaba ba, tana iya aiken ƙaninta ko ɗanta shago ya karɓo mata kaset na kwana ɗaya. Mai shago yana da littafi, kowane gida da shafinsa, ya san gidan da ke dawo da kaya a kan lokaci da gidan da sai an bi sawu. Kaset guda yakan kwana a gida uku kafin ya dawo, domin maƙwabta sun taru a ɗakin da ke da bidiyo. Ta wannan hanya ce labaran kishiya da auren dole da gado suka zama abin da masu shirya fim ke rububi, saboda masu kallon da ke biya su ne ke zaune cikin waɗannan matsaloli. Mai haya shi ne ɗan aiken da ke tsakanin kasuwar dillalan kaset ta Ƙofar Wambai a Kano da uwar ɗaka, kuma ta bakinsa ne dillali ke jin abin da ya karɓu.

Akwai wata dabara ta wancan zamani da nake son a riƙe, don zan dawo kanta. Mai shirya fim ba ya buga kaset da kansa. Yakan ba dillalai uwar kaset, su kwafa a kan nasu, shi kuma ya buga kwali mai hoton 'yan wasa ya sayar musu. Kaset da ba shi da kwalin asali, na sata ne. Wato haƙƙin mallaka a jikin kwali yake, abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa, ake iya ƙirgawa. Tsarin yana da ɓaraka, masu fim kuma sun yi ta kuka da masu haya da ke sayen kwafi ɗaya su ci riba a kansa sau ɗari, amma dai kuɗi na komawa inda aka yi aikin.

Daga Kano kaya ke bin Daura da Kwangwalam, su tsallaka Ɗan Barto da Matamaye su shiga Damagaram, daga nan motocin kasuwa su haura da su Tanut, mai tazarar kimanin kilomita 150 arewa. Wannan ita ce tsohuwar hanyar ayari, wadda turkuɗi da fatun Kano suka bi zuwa Agadas da Tarabulus, Damargu kuma tana ciyar da matafiya da geronta. Iyakar da Turawa suka shata ba ta hana kaset bin sawun raƙumi ba.

A nan akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Nijar ba baƙuwa ba ce a harkar fim. Moustapha Alassane ya yi Aouré tun 1962. Oumarou Ganda, wanda ya fara a matsayin ɗan wasa a hannun mai shirya fim Jean Rouch, shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Zalika Souley tana cikin matan farko da suka yi suna a fim a wannan yanki na Afirka. Amma a tsaya a kasuwar Gangara a tambayi matasa wane ne Ganda, sannan a tambaye su wane ne Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Amsar da za a samu ba laifin matasan ba ne. Fina-finan Ganda sun zaga bukukuwan Turai, suka kwanta a ma'ajiyar ƙasashen waje, na Ibro kuwa sun hau motar kasuwa. Manyan silimun birane sun durƙushe bayan da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuɗin hayar fim daga waje ya ninka, bidiyo kuma ya riga ya shiga gidaje. Silimar zamani ta Canal Olympia da aka buɗe a Yamai a 2017 tana nesa da Tanut da fiye da kilomita 1,000. Saboda haka ga manomi da makiyayin Damargu, Bahaushe ne ko Buzu ko Bafillace ko Badagiri, rumfar zana ita ce silimar ƙasa, ita ce kuma kaɗai.

To me ya riƙe ta bayan salula ta shiga aljihun kowa? Na farko dai wuta. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Salula ba ta aiki sai da caji, don haka na'urar da aka ce za ta kashe rumfar ita ce ta kawo mata sabon ciniki. Wanda ya kawo caji da safe zai dawo karɓa da yamma, ya tarar an kunna tele, ya zauna. An ga ƙarfin wannan a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Birane masu dogaro da layin wuta sun sha duhu, amma rumfar ƙauye mai farantin sola ba ta san an yi ba, domin rana ba ta cikin takunkumi.

Haka ma batun intanet. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 da shirye-shirye irin Daɗin Kowa, sannan Labarina da Izzar So suka mayar da hankalin jama'a kan fim mai dogon zango a 2020, kasuwa ta koma YouTube. Sai dai kallon awa guda a YouTube yana cin kuɗin data da ya fi ƙarfin mai sayar da kuka, ga kuma layin da ke zuwa yana ɗaukewa. Abin da ake yi shi ne mutum ɗaya ya sauke a Tanut ko Damagaram, ya cika ma'ajiyar kwamfutarsa, ya kawo gari, ya riƙa turawa a memori a kan dala biyar ko goma. Daga nan kuma abin ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da Xender. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya lura da ƙarfin wannan hanya a yankin Sahara har ya tattara waƙoƙin da ya samo daga memorin mutane ya fitar da su a 2011. Ga mutumin Gangara, mai turi shi ne intanet, kuma intanet ɗin da ke amsa sallama.

Wannan ne ya kawo ni kan sani, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan sana'ar. YouTube na nuna wa mutum abin da lissafin na'ura ya ga ya dace, mai turi kuwa ya san cewa gidan liman ba a kai musu mai rawa, ya san amaryar da aka kawo daga wani gari tana kewar gida, ya san tsohon da ba ya son komai sai kokowa, musamman karon da Issaka Issaka ya ɗauki takobi. Ya san wanda bai iya karatu ba, don haka ba zai iya rubuta sunan fim ya nema ba, sai dai ya ce "wannan na yarinyar da aka canza a asibiti", shi kuma ya gane. A yankin da da yawa daga manya, musamman mata, ba su yi lakwal ba, wannan aiki ne na mai kula da ɗakin karatu, ko da ba a ba shi sunan ba. Littafin bashin da mai haya ke riƙewa a 1998 bai ɓace ba, yana nan a wajen mai turi, ana biya bayan an sayar da wake.

Sai wurin zama. Damina a Damargu wata uku ce, in ta yi kyau. Sauran shekara, saurayin da bai tafi cin rani Libiya ko Aljeriya ko Kano ba yana da dogon yini a gabansa. Adeline Masquelier ta rubuta littafi guda a 2019 kan fada, wato majalisar shayi ta samarin Nijar, inda ta nuna cewa abin da manya ke kira zaman kashe wando hanya ce ta riƙe mutunci a lokacin da babu aiki. Rumfar kallo 'yar'uwar fada ce. Mutum na iya kallon wasan Real Madrid da Barcelona shi kaɗai a waya, amma wa zai yi wa ihu? Fim ɗin Indiya na fassarar Algaita ma daɗinsa a cikin taro yake, inda kalmar da mai fassara ya jefa za ta zama abin tsokana a gari har mako guda.

Abin sha'awa, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi arzikin intanet ta iso ga wannan matsaya ta wata hanya. Kamfanin Blockbuster na Amurka ya kai shago kusan 9,000 a faɗin duniya a 2004, ya karye a 2010, yanzu saura guda ɗaya tak a garin Bend. Netflix ta daina aika faifai ta gidan waya a 2023. Amma Scarecrow Video na Seattle, mai fina-finai fiye da 140,000, ya koma ƙungiyar da ba ta neman riba a 2014, jama'a na tara masa gudummawa. Vidiots, wanda mata biyu suka kafa a 1985, ya rufe a 2017, ya sake buɗewa a Los Angeles a 2023, wannan karon haɗe da silima mai kujeru fiye da 250. Manyan da ke sayar da kaya kawai sun mutu, ƙananan da ke da ma'aikaci masani da ɗakin taro sun rayu. Abin da Vidiots ta kashe kuɗi masu yawa kafin ta haɗa, wato haya da kallo a rufi ɗaya, shi ne abin da rumfar Damargu ke yi tun farko saboda larura. Bambancin shi ne can ana kiran su taskar al'ada, a nan kuwa ana kiran mai rumfa mai ɓata yara.

Ba na raina wannan zargi. Na ga rumfar da ake nuna fim ɗin yanka da harbi yara 'yan shekara bakwai na zaune a gaba, kuma kowa ya san akwai masu tura abin da baki ba ya iya faɗa idan dare ya yi. Fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna samarin unguwar Kara-Kara da ƙungiyoyinsu na palais, kuma duk wanda ya kalle shi zai ga yadda hoton ƙarfi da aka aro daga waje ke zama riga ga yaron da aka yi watsi da shi. Iyaye da malamai suna da hujjar damuwa. Sai dai tarihin Kano ya isa darasi game da hani. An dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, aka sake dakatarwa a 2007, aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kofa a 2016, duk da haka kallo bai ragu ba, sai dai ya canza maɓoya. Rumfar zana tana da ƙofa, mai gari na iya leƙawa, uba na iya shiga ya janye ɗansa, ana iya kiran mai ita gaban hakimi. Salular da ke ƙarƙashin bargo ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya rufe rumfa don tarbiyya ya kori kallo daga inda ido ke kai wa.

Zargin da ya fi nauyi shi ne na haƙƙi, kuma a nan ba ni da abin kare mai turi. Fim ɗin da aka tura wa mutum ɗari a Gangara, ko dala ba ta komawa ga wanda ya ci bashi ya shirya shi. Dillalan Ƙofar Wambai da yawa sun bar sana'ar, masu shirya fim sun koma dogaro da tallan YouTube, wanda kuma ba ya ƙirga kallon da aka yi a memori. Idan aka ci gaba a haka, rijiyar da mai turi ke ɗiba ita ce za ta ƙafe. Amma darasin kwali yana nan. Mutanen da suka iya ƙirƙiro hanyar biyan haƙƙi a kasuwar da kowa ke da injin kwafi, ba za su gaza ƙirƙiro wata ba. Masu turi na kowace jiha ko gunduma sanannu ne, ba su da yawa, suna iya haɗa ƙungiya su sayi izinin sabon shiri a dunƙule, a ba kowa takardar shaida ya manna a rumfarsa. Ma'aikatar magajin gari da ke karɓar kuɗin rumfa ranar kasuwa ta riga ta san su. Nijar na da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, da cibiyar kula da fina-finai ta ƙasa, CNCN. Ta wannan ƙofa ce kuma za a iya saka fina-finan Ganda da Alassane da Sani Magori da Aïcha Macky cikin kwamfutar mai turi, a fassara waɗanda ba na Hausa ba kamar yadda ake fassara na Indiya.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Yawancin fina-finan Hausa na shekarun 1990 a kaset aka yi su, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura, kuma kamfanoni da dama da suka yi su sun watse tare da uwar kaset ɗinsu. Kwafin da ya rage sau da yawa yana hannun tsofaffin masu haya. Na taɓa zama a shagon wani dattijo da ya koma sayar da caja da murfin waya, na tambaye shi kayan da, ya jawo kwali uku daga ƙarƙashin tebur. Gara ta cinye gefen wasu, wasu zaren ya manne, amma da yawa lafiyarsu ƙalau, kowanne da lambar da ya rubuta da jan biro da sunan fim a gefe. Yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin shekarar da kowanne ya fito da gidan da suka fi karɓarsa. Ya ce mini, "Malam, yara sun ce in zubar, wuri suke ci. Ni kuwa na kasa." Abin da ake bukata don ceto su bai wuce bidiyo mai aiki, da igiyar haɗi, da kwamfuta, da ɗalibi mai haƙuri ba. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da Jami'ar Bayero suna da ɗaliban, kuma tafiyar yini guda ce tsakaninsu. A fara da kwalayen da ke Damagaram da Tanut, a ɗauki muryar masu su suna bayanin kowane kaset kafin a saka shi a na'ura, a kuma bar wa kowane mai shago kwafin abin da aka ɗauka a wurinsa.